“Malama, Anya Allah Yana Ji Na Kuwa?”: Nasiha Ga Wadda Ta Daɗe Tana Jiran Ijaba

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jin kukan bayinSa a ɓoye da sarari. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ke 'yar uwata Musulma, nasiharmu ta wannan fitowar ta samo asali ne daga wata tambaya da wata baiwar Allah ta yi mini a Islamiyyar matan aure da nake koyarwa. Ran nan mun yi darasi a kan falalar addu'a, aka tashi, kowa ta suri jakarta ta nufi gida, ita kuwa ta yi zamanta a kan tabarma har aji ya watse. Sai ta matso kusa da ni, ta sassauta murya ta ce: “Malama, don Allah kada ki ce na yi saɓo. Shekarata 14 a ɗakin mijina, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Babu azumin da ya wuce ban zubar da hawaye a goman ƙarshe ba. Na yi sadaka, na ba mahajjata saƙon addu'a, na sha maganin asibiti na sha na gargajiya. Amarya ta zo ta same ni, yanzu 'ya'yanta huɗu. Malama, anya Allah Yana ji na kuwa?”

Wallahi sai da na yi shiru na ɗan lokaci, domin na san ba ita kaɗai ke ɗauke da wannan tambaya ba. Akwai budurwar da sa'o'inta duk sun yi aure, ita tana gida ana ta yi mata habaici. Akwai bazawarar da ta shekara goma tana roƙon miji nagari. Akwai uwar da ɗanta ya fita tun shekarun baya, ba a ce ya mutu ba, ba a kuma ce yana raye ba, duk sallamar da aka yi a zaure sai gabanta ya faɗi. Akwai mai jinyar da ta haddace ƙofofin asibiti, da wadda take roƙon shiriyar ɗan da ya faɗa shaye-shaye. Idan kina cikin waɗannan, to da ke nake magana. Idan kuwa ba kya ciki, daure ki karanta har ƙarshe, akwai rabonki a gaba.

Gajiya Da Jira Ba Fita Daga Imani Ba Ne

Abu na farko da na gaya wa wannan baiwar Allah shi ne ta kwantar da hankalinta, jin nauyin jira bai fitar da ita daga sahun muminai ba. A cikin Suratul Baƙara aya ta 214, Allah (SWT) Ya ba mu labarin mutanen da suka gabace mu, cewa tsanani da cuta sun same su, an girgiza su girgiza mai ƙarfi, har Manzon da ke cikinsu da muminan da ke tare da shi suka kai ga tambayar yaushe ne taimakon Allah zai zo. Kin ga ke nan, Manzo guda da bakinsa ya tambayi “yaushe”, kuma Allah bai kore shi ba, sai ma Ya yi musu albishir cewa taimakonSa yana kusa.

Dubi Annabi Yaƙubu (AS). An raba shi da ɗansa Yusufu tun yana yaro, ya yi ta kuka shekara da shekaru har idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. 'Ya'yansa suka dame shi da cewa zai kashe kansa da ambaton Yusufu. Amsar da ya ba su, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 86, ita ce shi fa ƙararsa da baƙin cikinsa wurin Allah kaɗai yake kai su. A aya ta gaba kuma, shi ɗin nan da ya makance da kuka, shi ne ya tashi 'ya'yansa ya ce su koma su nemo labarin Yusufu da ɗan uwansa, kada su kuskura su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Saboda haka 'yar uwa, kuka a kan sallaya bai ɓata haƙuri. Abin da ke ɓata shi shi ne fushi da hukuncin Allah, da kai ƙararSa wurin bayinSa, da cire rai daga rahamarSa.

Babu Addu'ar Da Take Faɗuwa Ƙasa Banza

Kuskuren da yawancinmu muke yi shi ne mun ɗauka amsar addu'a fuska ɗaya gare ta, wato na roƙi abu, a miƙo mini shi a hannu. Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Sa'idil Khudri (RA) cewa Annabi (SAW) ya bayyana mana duk Musulmin da ya yi addu'ar da babu saɓo ko yanke zumunci a cikinta, Allah zai ba shi ɗayan abu uku: ko a gaggauta ba shi abin da ya roƙa, ko a ajiye masa shi sai lahira, ko a tunkuɗe masa wani sharri gwargwadonta. Da sahabbai suka ji haka sai suka ce ai kuwa za su yawaita, ya sanar da su cewa abin da ke wurin Allah ya fi duk yawan roƙonsu.

To lura da kyau, a cikin ukun nan guda ɗaya ce kawai idonki zai iya gani. Ajiyar lahira ba za ki gan ta ba sai ranar da aka buɗe miki littafinki. Sharrin da aka kau da shi kuwa, ta yaya za ki san da shi alhali bai same ki ba? Motar da ba ta kife da ke ba, gobarar da ba ta tashi a ɗakinki ba, mugun mijin da aka kawar da kansa daga ƙofar gidanku, babu mai zuwa ya ba ki labarinsu. Shi ya sa idan mace ta ce “na roƙa ban gani ba”, gaskiya ta faɗa, amma rashin ganinta bai nuna ba a amsa ba.

Ki tuna da masu jirgin ruwan nan na cikin Suratul Kahfi. Talakawa ne, da jirgin suke neman abinci, suka yi alheri suka ɗauki baƙi, sai ɗaya daga cikin baƙin ya huda musu jirgi. Har Annabi Musa (AS) sai da ya kasa yin shiru. Ashe a gabansu akwai azzalumin sarki da ke ƙwace duk jirgin da ya ga lafiyarsa ƙalau, hudar nan ita ce ta tsare musu dukiyarsu. Hausawa suka ce wani hani ga Allah baiwa ne. Allah Ya sani, mu ba mu sani ba, kuma haka Ya rufe aya ta 216 ta Suratul Baƙara bayan Ya sanar da mu cewa mukan ƙi abu alhali shi ne alheri gare mu, mukan so abu alhali sharri ne.

Abu ɗaya Annabi (SAW) ya gargaɗe mu a kansa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (RA): ana amsa wa bawa matuƙar bai yi gaggawa ba. Gaggawar kuwa ita ce ya ce na roƙa na roƙa ban ga an amsa mini ba, daga nan ya gaji ya watsar da addu'ar. Wato ƙofar a buɗe take, bawa ne ke juya baya ya tafi.

Waɗanda Suka Riga Ki Jira

Ke mai neman haihuwa, kin san Annabi Zakariyya (AS) abokin kukanki ne? Farkon Suratu Maryam labarinsa ne. Ya kira Ubangijinsa a asirce, ya faɗi halinsa ba ɓoye-ɓoye: ƙashi ya yi rauni, furfura ta cika kai, matarsa kuma ba ta haihuwa. Duk wata hanya da ɗan Adam ya sani ta toshe. Amma a cikin addu'ar tasa sai ya haɗa da cewa shi bai taɓa taɓewa ba a roƙon da yake wa Ubangijinsa. Tsoho ne fa da ya kai wannan shekaru ba ɗa, duk da haka abin da yake tunawa shi ne alherin da aka saba yi masa. Me ya ƙara masa ƙarfin gwiwa? Suratu Ali Imrana ta ce duk sanda ya shiga wurin Nana Maryam a ɗakin ibadarta yakan tarar da abinci, ya tambaye ta daga ina, ta ce daga Allah ne. Nan take ya ɗaga hannu ya roƙi zuriya tagari. Ni'imar da ya gani a wurin wata ba ta sa shi hassada ba, tuna masa ta yi da ikon Mai bayarwa. Aka ba shi Annabi Yahaya (AS), Allah da kanSa Ya raɗa masa suna.

Ke da aka bari ke kaɗai da ɗawainiya, tuna da Nana Hajara. Annabi Ibrahim (AS) ya ajiye ta da jaririnta a kwarin da ba shuka ba ruwa ba mutane, ya juya zai tafi. Ta bi shi tana tambaya, bai waiwayo ba, har sai da ta tambaye shi ko Allah ne Ya umarce shi da haka. Da ya amsa mata, sai ta ce in dai haka ne Allah ba zai tozarta su ba, ta koma. Amma bayan wannan kyakkyawar magana ruwan salkarta ƙarewa ya yi, yaro ya shiga murƙususu don ƙishi. Ta hau Safa ba ta ga kowa ba, ta ruga Marwa ba ta ga kowa ba, haka har sau bakwai. Ruwan kuma da ya tashi zuwa, a inda ta bar jaririn ya ɓuɓɓugo, ba a kan duwatsun da take hawa ba. Yau ga Zamzam nan ana sha, kuma duk wanda ya je Hajji ko Umra, sarki ne ko talaka, sai ya bi sawun wannan mata sau bakwai. Kai-komon da ta yi cikin tashin hankali, wanda a lokacin kamar wahalar banza ce, Allah Ya mayar da shi ibada har tashin duniya.

Ke da aka raba da ɗanki, ga Ummu Salama (RA). Sun ɗaura niyyar hijira zuwa Madina ita da mijinta da ɗansu, danginta suka tare hanya suka ƙwace ta, dangin miji suka fizge yaron, mijin ya wuce shi kaɗai. Malaman tarihi sun ce kusan shekara guda ta yi tana fita kowace safiya zuwa wani wuri da ake kira Abɗah, ta zauna ta yi ta kuka har yamma, kafin wani ɗan uwanta ya tausaya ya sa baki a mayar mata da ɗanta a sake ta. Bayan 'yan shekaru, a shekara ta 4 bayan hijira, mijin nata Abu Salama (RA) ya rasu sakamakon raunin da ya samu a yaƙin Uhudu. Ta yi addu'ar da Annabi (SAW) ya koyar ta neman lada a kan musiba da neman madadin da ya fi, amma ita da kanta ta ba da labari cewa a ranta tana cewa wane ne kuma zai fi Abu Salama. Duk da wannan tunanin ba ta fasa yin addu'ar ba. Da ta gama takaba, Manzon Allah (SAW) da kansa ya aure ta.

Ke da aka ɓata wa suna kina jiran ranar da gaskiya za ta fito, uwarmu Nana A'isha (RA) ta ɗanɗana wannan. Munafukai suka yi mata ƙazafi, Madina ta ɗauka, wata guda cur wahayi bai sauko a kan lamarinta ba. Ta yi kuka har ta zaci hantarta za ta tsage. Ran da ta buɗe baki ta yi magana, don tsananin damuwa sunan Annabi Yaƙubu ma ɓace mata ya yi, sai ta kira shi baban Yusufu, ta ce ba ta da abin cewa sai irin abin da ya ce na kyakkyawan haƙuri. Iyakar fatanta shi ne Annabi (SAW) ya yi mafarkin da zai wanke ta. Sai Allah Ya saukar da ayoyi goma a Suratun Nur, daga aya ta 11, waɗanda ake karantawa a masallatai har gobe. Abin da jinkirin wata guda ya zo da shi ya wuce abin da ta roƙa nesa ba kusa ba.

In Kuma Abin Bai Zo Ba Har Abada Fa?

A nan ne nake so mu gaya wa juna gaskiya, domin wa'azin da zai ce miki “ki yi haƙuri, tabbas za ki haihu” ya yi miki alkawarin da Allah bai yi ba. Haƙiƙa akwai wadda za ta roƙa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ga abin da ta roƙa da idonta ba. Allah (SWT) Ya faɗa a Suratush Shura aya ta 49 da ta 50 cewa Yana ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya haɗa wa wani duka biyu, Ya kuma bar wanda Ya so ba haihuwa, sannan Ya rufe da cewa Shi Masani ne Mai iko. Kashi huɗu Ya yi, kuma kashi na huɗun nan ma rabo ne daga Masani, ba mantuwa aka yi da su ba.

Ita Nana A'ishan da aka wanke daga saman bakwai, kusan shekara 9 ta yi a ɗakin Manzon Allah (SAW), kuma ba ta taɓa haihuwa ba. Da ta ga sauran mata suna da alkunya ita ba ta da, sai aka yi mata da sunan ɗan 'yar uwarta Asma'u, ake ce mata Ummu Abdullahi. Wa ya isa ya ce Allah ba Ya son ta? Mijinta shi ne wanda addu'arsa ba ta da shamaki. Amma ga shi an ba ta abin da ya fi, ta ruwaito hadisai fiye da 2,000, manyan sahabbai suna zuwa ɗaukar fatawa a ƙofarta, kuma yau duk mumini a bayan ƙasa uwa yake kiran ta.

Akwai kuma baƙar matar nan mai farfaɗiya da Ibnu Abbas (RA) ya nuna wa almajirinsa Aɗa'u, ya ce masa ga 'yar Aljanna tana tafiya a ƙasa. Ta zo wurin Annabi (SAW) ta nemi ya roƙa mata lafiya. Ya ba ta zaɓi, in ta so ta yi haƙuri ta samu Aljanna, in ta so ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, sai dai ta roƙi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ciwon ya kayar da ita, ya kuwa yi mata. Ta ci gaba da rayuwa da ciwonta. Shi kansa Annabi (SAW), a hadisin da Muslim ya ruwaito, ya ce ya roƙi Ubangijinsa abu uku saboda al'ummarsa, aka ba shi biyu aka hana shi ɗaya. Kuma cikin 'ya'yansa bakwai, shida a gaban idonsa suka rasu, Nana Faɗima (RA) ce kaɗai ta rage bayansa. To in hani alamar ƙiyayya ne, da ba a hana mafi soyuwar halitta ba.

Abin Da Ya Kamata Ki Ji Wa Tsoro

Ni a wurina, abin tsoro a lokacin jira shi ne abin da mace za ta iya zubarwa a hanya kafin biyan buƙata ta zo. Shaiɗan ya san zuciyar da ta gaji, a nan yake kafa tarkonsa. Yau ƙawa za ta zo ta ce akwai wani “malami” a ƙauye kaza, aikinsa kamar yankan wuƙa. Gobe a ce ki kawo baƙin bunsuru da ƙasar kabari da gashin kishiya. Jibi a ce sai kin kwana a wurinsa kafin aiki ya ci. Mata nawa ne suka sayar da gado da sarƙa, wasu har da mutuncinsu, suka dawo ba biyan buƙata ba imani? Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin boka ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ba har kwana 40, a wata ruwayar kuma ta Imam Ahmad, wanda ya gaskata shi ya kafirce wa abin da aka saukar wa Annabi (SAW). Haba 'yar uwa, shekara 14 kina ƙwanƙwasa ƙofar Sarkin sarakuna, sai a dare ɗaya ki koma ƙofar wanda bai iya kare kansa daga ciwon kai ba?

Sai kuma hassada, wadda take shigowa a hankali. A yi haihuwa a ɗakin kishiya ki kasa cin abinci, a kawo katin bikin ƙanwarki ki ji kamar an soka miki allura. Jin zafin nan halin ɗan Adam ne, amma kada ki ba shi masauki. Maganinsa shi ne ki yi wa mai ni'imar addu'ar albarka a bayan idonta, domin ya tabbata a Muslim cewa akwai mala'ikan da ke cewa amin, ke ma a ba ki irinsa. Sannan ki binciki kanki ba tare da kin tsananta wa ranki ba: abincin da ke shiga cikinki halal ne? Akwai 'yar uwar da kika yi shekara ba ku magana? Akwai haƙƙin wani a hannunki, ko bashin adashi ne? Waɗannan suna cikin abubuwan da ke tare addu'a. In kin duba kin gyara, to kada ki bari waswasi ya ce miki jinkirin nan azaba ce. Annabi Zakariyya ba don zunubi aka jinkirta masa ba.

Dogara Ga Allah Ba Ta Hana Neman Magani

Wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ne ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara, ya ce masa ya ɗaure sannan ya dogara. Tirmizi ne ya ruwaito. Nana Hajara ma ai ba zama ta yi ba. Saboda haka mai neman haihuwa ta je asibiti, kuma ta je da wuri. Likitoci sun ce idan ma'aurata suka shekara guda suna tare ba tare da tsarin iyali ba kuma ciki bai samu ba, lokacin bincike ya yi, in kuwa matar ta haura shekara 35, bayan wata shida ma ya isa. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na manya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, a ƙasashen masu kuɗi da na talakawa baki ɗaya. Ke nan ba ke kaɗai ba ce, ba kuma wani baki aka yi miki ba. Sannan sau da yawa matsalar daga namiji take, ko daga su biyun, gwajin namiji kuma ya fi na mace sauƙi da araha. Ki lallaɓa maigida cikin ladabi da sirri ku je tare. Wasu matsalolin, kamar ciwon sanyin da aka bari ya daɗe har ya toshe hanyar ƙwai, da an tare su da wuri da ba su kai haka ba. Ki sha magani da hannunki, zuciyarki kuwa ki bar ta a wurin Wanda Ya saukar da cutar da maganin.

Gare Ku Masu Kallo

Yanzu kuma ga rabon wadda Allah Ya rufa wa asiri ta samu nata da wuri. Ki ji tsoron Allah a kan harshenki. Kalmar “juya” da ake jifan mace da ita, da “tana cika mana masai”, da “har yanzu shiru?” a tsakiyar taron suna, wallahi duk za a tambaye mu a kansu. Hajiya uwar miji, wannan yarinyar da kike wa gori 'yar wata ce, kuma ba ita ke ba kanta ba. Ke kishiya, 'ya'yan da kike taƙama da su ba dabararki ce ta kawo su ba, Wanda Ya ba ki kuma Yana da ikon karɓa. Ke uwa, kada gorin maƙwabta ya sa ki tura 'yarki gidan wanda kin san ba ya salla don dai a ce ta yi aure. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In ba za ki iya share mata hawaye ba, to ki yi shiru, shi ma sadaka ne.

Kammalawa

Ya ke mai jira, riƙe lokutan da aka fi amsa addu'a: sulusin dare na ƙarshe, cikin sujada, tsakanin kiran salla da iƙama, yammacin Juma'a, da lokacin buɗa baki. Ko kina fashin salla bakinki bai yi fashin addu'a da zikiri ba. Ki fara da yabon Allah da salati ga Annabi (SAW), ki yawaita istigfari, ki faɗi buƙatarki da Hausarki yadda take a ranki, domin Wanda kike kira Ya sanar da mu a aya ta 186 ta Suratul Baƙara cewa Shi Makusanci ne, Mai amsa kiran mai kira. Ki roƙi abin da kike so kai tsaye, ki haɗa da roƙon a zaɓa miki mafi alheri a kuma sanya miki yarda da shi. Kada kuma ki jingine rayuwarki ki ce sai buƙata ta biya. Ki yi karatunki, ki riƙe sana'arki, ki ja maraya a jiki, domin kwanakin jiran nan ma cikin kwanakinki suke, kuma ana rubuta su.

Wataƙila kina so ki ji ƙarshen labarin baiwar Allah da na fara da ita. To, shekara 5 ke nan da waccan tambayar, kuma har yau ba ta haihu ba. Ta je asibiti, tana kan neman magani, ba ta kuma fasa roƙo ba. A tsakanin nan ta sauke Alƙur'ani, yayanta ya rasu ta karɓi riƙon 'ya'yansa biyu, su ne yanzu ke rako ta makaranta suna riƙe mata jaka. Kwanan baya na tambaye ta yaya zuciya. Ta ce: “Malama, har yanzu ina so, ranar suna kuma har yanzu nakan shiga ɗaki in yi kukana. Amma da can in na tashi da dare, buƙatata ce ke tashe ni, in na gama faɗa in kwanta. Yanzu kuwa ko na gama faɗa sai in ji ba na son barin sallayar. Na daina tambayar ko Yana ji na.”

Allah Ya biya wa kowace mai buƙata buƙatarta ta alheri. Allah Ya ba masu neman haihuwa zuriya ɗayyiba, Ya ba 'yan matanmu da zawarawanmu mazaje nagari, Ya bayyana waɗanda suka ɓata, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shiryi 'ya'yanmu. Wadda kuma Ya zaɓa wa ajiyar lahira, Allah Ya sanyaya zuciyarta, Ya tsare mata imaninta har ta je ta tarar da ajiyarta. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.